Kafin ka sa katin memori a gurbin had-disk a tsohuwar saba

Ƙannena masu shigowa sana'ar gyaran kwamfuta, akwai aikin da zai zo hannunku ko ba jima ko ba daɗe. Za a kira ku wata makaranta ko wani ƙaramin ofis, a nuna muku tsohuwar saba, wato kwamfutar da ke riƙe wa sauran kwamfutoci bayanai, wadda had-disk ɗinta ya fara ƙarar nan ta ƙas-ƙas, mai ita kuma ba shi da halin sayen sabuwa. An daɗe da daina ƙera faifan IDE da tsohon SCSI, wato masu tsofaffin hanyoyin haɗa had-disk da kwamfuta, wanda za ku samu a kasuwa na gwanjo ne, sa'an wanda ya mutu. A nan ne wani zai ce a sa adafta da katin memori. Dabarar tana aiki, ni ma ina yin ta har yau. Amma ta taɓa sa na yi asarar amanar mutane, shi ya sa nake so ku ji inda na yi tuntuɓe.

Ku fara da sanin cewa kati iri biyu ne a wannan harka, kuma ba ɗaya suke ba. Katin CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994, yana jin yaren IDE tun daga gida. Adaftarsa ba ta da ƙwaƙwalwa, wayoyi ne kawai da ke haɗa ramukan katin guda 50 da haƙoran IDE. Katin SD kuwa bai san wannan yare ba, dole sai da IC a kan adaftar da zai riƙa yi musu tafinta. Don haka ingancin adaftar CompactFlash yana ga yadda aka ja wayoyinta, ingancin ta SD kuma yana ga wannan tafinta. Wasu tsofaffin adaftocin SD ma ba sa karanta katin SDXC, wato wanda ya haura gigabait 32.

Kuskurena na farko na gaggawa ne. An kira ni a waya, aka ce tsohuwar saba ce, na sayi adaftar IDE na tafi. Da na buɗe sai na tarar faifan SCSI ne masu haƙora 80, irin waɗanda ake zarewa ta gaba. Ku buɗe inji ku ƙirga da idonku kafin ku fitar da sisi. IDE na babbar kwamfuta haƙora 40 ne, wutarsa daban ake ba shi. Na laftof 44 ne, wutar tana cikin haƙoran. SCSI akwai mai 50, mai 68, da mai 80. Akwai na'urori irin su SCSI2SD, BlueSCSI da ZuluSCSI masu mayar da katin SD ya zama kamar faifan SCSI, kuma suna da kyau ƙwarai ga injinan shekarun 1990, sai dai saurinsu bai kama ƙafar SCSI mai sauri na Ultra320 ba. A wancan injin, abin da ya cece ni shi ne ramin IDE ɗin da na'urar CD take amfani da shi, a nan na sa katin.

Na biyu ya cinye mini kwana uku. Linux ta shiga katin lafiya, amma duk lokacin tashi sai ta tsaya cik na tsawon lokaci tana ƙorafin DMA, wato hanyar tura bayanai mai sauri. Na canja kati, na canja waya, na sake zuba manhajar. Ashe adaftar mai arha ce, ba a haɗa mata layukan DMA ba ko kaɗan. Katin yana gaya wa kwamfuta cewa ya iya wannan hanya mai sauri, kwamfuta tana aika saƙo, wayar kuma babu. Ko dai a kashe DMA a koma hanyar PIO mai nawa, ko a sayi adaftar da aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa tana ɗaukar UDMA, wato DMA mai ƙarin sauri. Ku duba jamfa, wato 'yar hular da ake sa wa haƙora don zaɓar na'urar gaba da ta baya, idan na'ura biyu ne a waya ɗaya, kuma ku yi amfani da faffaɗar waya mai sili 80 in kuna son sauri ya wuce UDMA 33.

Akwai wani abu kuma da ba a gani a jikin kati. Yawancin katunan CompactFlash na kyamara suna gabatar da kansu a matsayin abin da ake cirewa, kamar filas. Linux ba ta damu ba, amma Windows XP da Windows Server 2003 suna kawo cikas, ba sa yarda su ajiye fayil ɗinsu na musayar ƙwaƙwalwa, wato wurin da suke arowa a faifai idan RAM ta cika, a kai, ba sa kuma ganin fiye da sashe ɗaya. Katunan masana'antu su ne ke cewa su kafaffen faifai ne. Tsohon BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, shi ma yana da iyakar girman faifan da yake gani: wasu na tsayawa a megabait 528, wasu a gigabait 8.4, wasu a wajen 32, wasu a 137. Babban kati ba gwaninta ba ce a nan, sau da yawa ƙarami ne ke tashi ba gardama.

Duk waɗannan wahala ce kawai. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba, don laifin nawa ne. Sabarsu ita ke riƙe da sakamakon ɗalibai. Na kwashe duk abin da ke cikin had-disk ɗin na juye a katin kyamara, da babbar manhajar, da rumbun bayanan, da komai, na ga ta tashi cikin sauri ba ƙara ba zafi, na karɓi kuɗina na tafi. Ba a rufa shekara ba shugaban makarantar ya kira ni ana dab da ba da sakamakon zango. An ɗauke wuta da rana, aka tada janareta, sabar ta ƙi tashi. Da na zare katin na sa a wata kwamfutar, rabin fayilolin ba sa buɗewa. Malamai suka kwana biyu suna sake shigar da maki daga takardu. Har yanzu ina tuna fuskar malamar da ta ce mini, "Malam, ai mun ɗauka a hannun masani muka bar shi."

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne cewa katin memori yana ƙarewa da rubutu. Kowane ɗan gurbi a cikinsa yana da adadin sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Nau'in ƙwaƙwalwar kati da ake kira SLC yana kaiwa wajen sau 100,000, MLC 'yan dubbai ne, TLC da ya cika kasuwa bai kai haka ba. An yi katin kyamara ne don ya karɓi hoto babba lokaci-lokaci. Saba kuwa dare da rana tana 'yan ƙananan rubuce-rubuce, tana rubuta rajistar abin da ya faru, tana musayar ƙwaƙwalwa, rumbun bayanai yana sabunta kansa. Had-disk yakan yi ƙara ya ba ka alama, kuma yana da SMART da za ka duba lafiyarsa. Katin kasuwa yawanci ba ya faɗa maka komai, shiru zai yi har ranar da zai tsaya. Sannan ga matsalar wuta irin tamu. Idan wuta ta yanke yayin da katin ke gyara taswirarsa ta ciki, ba fayil ɗin da ake rubutawa kaɗai ke lalacewa ba, har wanda ba a taɓa ba yana iya tafiya. A ƙasar da wuta ba ta motsi ana iya kau da kai ga wannan, mu ba mu da wannan damar.

Ba ni kaɗai na koyi wannan da wuya ba. Shekaru da yawa sabobin HP ProLiant da Dell PowerEdge sun yi ta zuwa da ramin katin SD a ciki don tayar da VMware ESXi, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin saba ɗaya, Dell har da na'ura mai kati biyu da ke kwafin juna. Duk da haka a 2021, lokacin ESXi 7.0, kamfanin VMware ya gargaɗi mutane su daina dogara da katin SD ko filas shi kaɗai, domin sabuwar manhajar tana yawan rubutu, katunan suna mutuwa.

Yadda nake yi yanzu ke nan. Aikin kati a wurina shi ne tayar da inji, bayanan mutane ba sa kwana a kansa. Ina neman CompactFlash na masana'antu mai SLC ko da ƙarami ne, gigabait 4 ko 8 sun isa. In SD ne dole, sai mai juriya irin na kyamarar tsaro. Kowane kati sai na cika shi na karanta da manhajar gwaji H2testw ko f3 kafin na yarda da shi, domin na jabu ya yi yawa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa 8 ne. A Linux ina kashe musayar ƙwaƙwalwa, in sa noatime don a daina rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, in mayar da rajista cikin RAM. UPS kuwa, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, sharaɗi ne, in mai inji ya ce ba zai saya ba, ina ba shi haƙuri in bar aikin.

In injin yana da rumbun bayanai, ba na ma fara zancen kati. Ƙaramar SSD, wato faifai marar juyawa, mai sabon haɗin SATA, da adaftar IDE zuwa SATA, ko katin SATA a ramin PCI, ta fi ƙarko nesa ba kusa ba, bambancin kuɗin kuma ba shi da yawa. Akwai kuma DOM, ɗan ƙaramin faifai da ake tsirawa kai tsaye a haƙoran IDE na bod, an yi shi ne musamman don irin wannan zama.

Da zarar inji ya tashi daidai, ina ɗaukar cikakken kwafin katin gaba ɗaya da umarnin dd na Linux, in juye a kati na biyu, in gwada cewa shi ma yana tashi, sannan in manna shi da salatif a cikin murfin sabar tare da takarda mai kwanan wata. In nuna wa mutum ɗaya a ofishin inda yake da yadda ake sauya shi.