Tsohuwar bindiga mai baki biyu da zafin Sudan

'Yan uwa mafarautan Sinnar da Damazin, mai tsohuwar bindiga mai baki biyu ya kula da harsashin da yake ba ta.

Wajen 1907 Turawan Ingila suka hana shigo da harsashin .450 (wato mai kaurin inci 0.45) Sudan da Indiya, shi ya sa .470 Nitro Express, wani harsashin irin wannan bindiga, ya samu kasuwa. Kan harsashinsa kusan giram 32 ne, gudunsa wajen mita 655 a daƙiƙa, kuma a kan wannan maƙeri ya daidaita bututun biyu don su jefa wuri guda kafin ya like su da dalma. In harsashi ya fi haka gudu, bakin dama sai ya jefa hagu, na hagu ya jefa dama. In bai kai ba, sai su watse, kowa ya yi gefensa. Wasu nan take sai su ɗora wa saiti laifi, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ga kuma rana. Albarushin da, wato kodayit, matsinsa hawa yake yi da zafi, har kwanso ya maƙale ya ƙi fita. Kada a bar harsashi cikin mota a watan Afrilu.

Harsashin zamani na tagulla zalla kuwa yana iya ɓamɓare dalmar tsohon bututu. A fara nuna wa maƙerin bindiga tukuna.