Jaridar goggona a Tawa

Yaran yanzu in ka ce musu mace ta taɓa riƙe jarida a nan Tawa dariya za su yi, su dai Facebook sunka sani. To goggona ta yi, kuma ba wani buro gare ta ba, zauren gida ne da keken rubutu da tsohon injin roneyo na buga takardu da yawa da ta saya wurin wani mushe, wato malamin lakwal, da ya yi ritaya.

Lokacin baki ya fara buɗewa, jaridar Haské ta fito a Yamai a 1990, mata sunka yi zanga-zangar 13 ga Mayu 1991 don a sa su cikin shirin babban taron ƙasa, kowa ya ji yana da ta cewa. Ita da ma malamar yaƙi da jahilci ce, shi ya sa da Hausa take rubutu ba Faransanci ba.

Aikin fa akwai wuya. Sai ta cire ribom, wato zaren tawadar keken rubutu, ta buga a kan sitansil, takardar da ake ɗaura wa injin, harafi guda ya kuskure a shafa wani jan ruwa mai warin jan farce a jira ya bushe, sannan mu yara mu yi ta juya hannun injin har kafaɗa ta ƙage, tawada ko ina har cikin tuwo. Daren Asabar ba barci don dole ta riski kasuwar Lahadi.

Ni a ganina ba siyasa ke sayar da ita ba, ko da goggo ta fi son shafin siyasar. Abin da mutane ke nema shi ne nawa tiyar hatsi, nawa buhun albasar Galmi, wa ya rasu, wa ya yi aure, da gaisuwar 'yan ci-rani daga Abijan. Mutum guda ya saya, goma su ji a bakinsa a majalisa, wani ma ya zo ya ce Hajiya ara mini in duba in maido. Ga masu cewa wai mijinta ke rubuta mata, bawan Allah da ko wasiƙa ita ke karanta mishi.

Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi, takarda da tawada duk daga waje suke zuwa, kuɗinsu ya yi sama, ta ƙara dala biyar a kai masu saye sunka gudu. Ta lallaɓa zuwa damina sannan ta sayar da injin ta koma ajinta na manya.