Kafin Ka Saɓa Bindigar Ƙyastu

Samari da yawa a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim sun soma sha'awar bindigar gargajiya, wasu don farautar rani, wasu don sun ga 'yan bindigar Sarki suna ɓarin wuta ranar hawan Sallah. Sha'awar ba ta da aibu, abin ma ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki da ya hau gado a 1768 shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Irin ta wancan zamani, mai dutsen ƙyastu, ita na gada, ita kuma ta kusa raba ni da idona.

Aikinta ba wuya a gane. Ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, dalma, a danna da sandar ɗuri. A gefe akwai ɗan kasko da ake barbaɗa wa albarushi kaɗan. Ka ja kunama, dutsen ya kafta wa ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kaskon, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta iske albarushin ciki. Tsakanin jan kunama da tashin bindiga akwai ɗan jinkiri, wani lokaci kuma jinkirin yakan yi tsawo, musamman idan albarushi ya sha raɓa.

A nan na yi wautata ta farko. Da sanyin safiya ne, a bakin fadama. Na ja kunama, kaskon ya yi fuu, shiru. Maimakon in bar bakinta a inda na auna, sai na sauke ta ina juya ta don in leƙa abin da ya hana. Ban gama juyawa ba ta tashi. Dalmar ta wuce ta gefen hulata, kunnena na dama ya yi kwanaki yana ƙugi. Da na kai wa Sarkin Bakanmu labari, bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, in ta yi shiru ba ta fasa ba ne, tunani take yi." Ƙanena, in ta ƙi tashi, riƙe ta yadda take, bakinta na kallon inda ba mutum ba dabbar gida, ka ƙirga har sittin a hankali kafin ka taɓa komai.

Wauta ta biyu ta fi muni, don da sanina na yi ta: gaggawa. Na ɗura, aka kira ni, na jingine ta, na dawo na manta na sake ɗurawa. Allah ya taimake ni Sarkin Baka yana zaune. Ya ga sandar ba ta shige yadda ta saba ba, ya ce, "Tsaya, ɗana, kawo nan." Shi ya koya mini abin da nake so kowane mai koyo ya yi tun ranar farko. Zura sandar a bututun lokacin da babu komai ciki, ka yi mata zane daidai bakin bindiga. Ka ɗura ɗuri ɗaya, ka sake zurawa, ka yi zane na biyu. Daga ranar sandar ce za ta riƙa gaya maka gaskiya, ba ƙwaƙwalwarka ba. In zane na biyu ya tsaya sama da baki, ko ɗuri biyu ne, ko dalma ba ta zauna a kan albarushi ba, kuma duka biyun suna fasa bututu. Duk bindigar da ka tarar a ɗakin kakanka, ɗauka a ɗure take, don albarushin da bai jiƙe ba yakan tashi ko bayan shekaru.

Kada ka tsiyaya albarushi daga ƙahon da ake ajiye shi kai tsaye cikin bututu. Wani lokaci garwashin tsumma yana nan a ciki bayan harbi, in ya kama, ƙahon gaba ɗaya zai tashi a hannunka. Zuba a ɗan ma'auni, rufe ƙahon, sannan ka juye, fuskarka da tafin hannunka nesa da bakin. Awon kuma wanda maƙerin bindigar ko babban maharbi ya yanka maka, ba ƙari don a ji ƙararka a ƙauyen gaba. Masu fasa harsashin zamani su kwashi garin ciki su ɗura a ta gargajiya kuwa, da ransu suke wasa. Wancan gari ƙarfinsa ya fi abin da bututun zai ɗauka, balle wanda aka yi da fayif ɗin ruwa, irin da wasu ke sayarwa da araha ranar kasuwa.

Wanda ke tsaye a damanka ma ka matsar da shi, domin 'yar kafar nan tana feso wuta gefe. Da hunturu ka lura da busasshiyar ciyawa da dangar kara.

Wanki ba a kai shi gobe. Tokar albarushi tana jan laima, tsatsa ta ci bututun ta ciki inda ido ba ya gani. Ranar da ka harba, ranar za ka wanke da ruwan ɗumi har tsumma ya fito fes, ka busar, ka shafa mai kaɗan.

Sai batun hukuma, wanda mu a da muke ɗauka bai shafi bindigar gado ba. Dokar makamai ta 1959 ta ambaci masu ɗuri ta baki, har da ta ƙyastu, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. A wannan zamani na rashin tsaro, kama ka da ita a hanya ba takarda ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Fara zuwa wajen Sarkin Baka da mai gari su san da kai, su raka ka ofishin 'yan sanda, kafin ka kai ta wajen maƙeri ya duba bututun.