Bach, Bek da Ach: Sunayen Ƙoramu a Taswirar Jamus

Bakatsinen da ya san unguwar Rafindaɗi ya san cewa ruwa kan raɗa wa wuri suna, sunan kuma ya zauna ko da ruwan ya ƙafe. Haka abin yake a Jamus, sai dai can wutsiyar sunan ake dubawa.

Wadda ta fi yawa ita ce Bach, wato ƙorama, abin da ke gabanta kuma shi ke siffanta ruwan: Lauterbach mai ruwa garau, Steinbach mai duwatsu, Mühlbach mai juya injin niƙa. Da ka nausa arewa, wajen Hambug, sai ka ci karo da Bek: Wandsbek, Barmbek, Eilbek. Tushensu ɗaya. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, sautin k ya rikiɗe ya koma ch a bakin mutanen kudu, 'yan arewa kuwa suka riƙe nasu. Masana harshe sun ja iyakar ta Benrath, kusa da Duseldof: arewa da nan ana cewa maken, kudu machen, duka ma'anarsu "yi".

A Bavariya da Ostiriya akwai Ach ko Ache, daga tsohuwar kalma aha, 'yar'uwar aqua (ruwa) ta Latin. Kogin Salzach ya samo sunansa daga gishirin da ake ɗaukowa ta kansa a da. Wani wurin ma kalmar ta zaizaye har saura harafi guda: Fulda a da Fuldaha ce. Siepen ko Siefen kuwa, a yankin Sauerland na yammacin Jamus da kewaye, ɗan kwari ne mai damshi inda ruwa ke tsattsafowa, bai ma kai a kira shi ƙorama ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne yarda da wutsiyar ido rufe. Lübeck ba ruwanta da Bek, daga sunan Silabawa ne (Slav, dangin Rashawa da 'yan Poland), Liubice. Ach ɗin da ke Andernach kuma ragowar Antunnacum ce ta zamanin Rumawa. Chemnitz, wadda ba ta yi kama da sunan ruwa ba ko kaɗan, ita ce ainihin "ƙorama mai duwatsu" da harshen Silabawa, wato Steinbach ce a wani bakin.

Saboda haka kafin ka fassara suna, nemo yadda aka rubuta shi a takarda mafi tsufa, ka duba yaren yankin, sannan ka tabbatar a taswira cewa akwai ruwan a wurin.