Dabino hamsin, masu shi goma sha bakwai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sarin dabinon Faya, garin da ke arewacin Chadi, a Injamena kafin in taka garin da ƙafata. Buhu na sani, da koron awo, da direbobin manyan motoci da ke keto rairayin Jurab su biyo ta Musoro, su iso mana gashin ido duk ƙura. Rannan tsohon da nake saye a hannunsa ya aiko cewa zai rabu da lambunsa, ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Kuɗin da ya yanka ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba.

Ƙanin mai ɗakina da ke karatu a Faransa ne ya ba ni dabara. Ya ce: "Yaya, a yankin Bordo mutane kan haɗa kuɗi su sayi tsohuwar gonar inabi, kowa da kasonsa, su ba manomi haya. Tun 1970 doka ta tanadi tsarin, wasu ma da kwalaben giya ake biyan su riba." Na ce kwalaben dai Allah ya tsare mu, dabarar kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

Kwana huɗu muka yi a hanya. Lambun ba shi da girma, dabino hamsin ne, yawanci irin bornow busasshe mai jure tafiya, sai wata kurangar inabi da ta hau rumfar kara a bakin rijiya. Tsohon ya dafa wani kututture ya ce kakansa ne ya dasa tushen tun kafin Faransawa su ci sansanin Ain Galaka da ke yankin a 1913. Uwar ta faɗi, 'ya'yan da suka tsiro a gindinta ne ke tsaye. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba a yi wa manyan ban ruwa. Garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba, amma ruwa na nan kusa a ƙasa, saiwa ke sha da kanta.

Na dawo na yi rajistar ɗan kamfani a ANIE, hukumar zuba jari ta Chadi, bisa dokar kasuwanci ta OHADA da ƙasashen Afirka da dama ke bi, na buɗe zaure a WhatsApp, na tara mutum goma sha shida, ni na goma sha bakwai: 'yan kasuwa, malaman makaranta biyu, da wata Hajiya daga Kusiri. A nan na tafka kuskuren da ya kusa wargaza mu. Don in ja hankali sai na sayar da bishiya ɗai-ɗai. Na sa aka rubuta lamba da fenti a jikin kowace, na tura wa kowa hoton tasa. Abin ya yi farin jini, har wani ya sa hoton dabinonsa a fuskar waya.

Da kaka ta zo, wajen watan Agusta, sai ido ya raina fata. Dabino ba ya haihuwa daidai: wadda ta yi nauyi bana, baɗi takan huta. Mai lamba 9 ya samu buhu da ɗoriya, maƙwabcinsa ko rabin buhu bai cika ba. Biyu daga cikin bishiyoyin kuma maza ne, ba sa 'ya'ya, ga shi in babu furensu da ake hawa a saƙala a na matan lokacin sanyi, kowa ma hannu rabbana zai tashi. To ɗaya daga mazan a hannun Hajiya ya faɗa. Ta kira ni da asuba: "Alhaji, tsakani da Allah, namiji ka sayar mini?" Ban da abin cewa. Ni da na yi shekaru ina auna dabino, ranar da nake shafa fenti ban iya bambanta su ba.

Na kai maganar wurin malaminmu na unguwa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ka koma babin musaƙa, wato ba da itatuwa ga mai kula da su a kan kaso na amfaninsu. Manzon Allah (SAW) ya bar wa mutanen Haibara dabino su kula da shi a kan rabin amfani. A mazhabarmu ko mai aikin ba a ware masa 'ya'yan bishiya kaza, kaso ake ba shi cikin duka, don kada ɗaya ya kwashe ɗaya ya tashi a tutar babu." Ya kuma gargaɗe ni kada in karɓi kuɗin 'ya'yan baɗi tun ba su nuna alamar nuna ba, abin da har na fara shirin yi.

Muka koma wurin notar, jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, muka sake takarda. Lambun ya zama kaso hamsin a dunƙule, ba mai cewa waccan tawa ce. Jikan tsohon, wanda dama shi ke hawan bishiyoyin, muka daina ba shi albashi muka ba shi kashi ɗaya cikin uku na amfani. Tun daga nan ban sake roƙonsa ya gyara shingen ganyen dabino da ke tare rairayi ba. Muka rubuta cewa mai son fita sai ya fara tallata wa abokan tarayya, wato shufu'a. Mutum uku sun ƙi sabon tsarin, na mayar musu da kuɗinsu ta Airtel Money, ɗayansu har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Riba dai ba ta kai yadda na kururuta a farko ba, kuɗin mota ke cinye kaso mai tsoka. Inabin kuwa sau ɗaya na gwada kawo shi Injamena, ya iso ya zama kunu a kwali. Yanzu duk wanda ya iya tafiyar kwana huɗu ya je ya ci rabonsa a gindin rumfa. Hajiya ta je bara da ɗanta, kuma kafin ta zauna sai da ta sa aka nuna mata namijin nan.