Hanyar Dlingo da matan dubiya

Da safe na hau jirgin ƙasa a tashar Gambir ta Jakarta a ƙasar Indonesiya, la'asar ta yi mini a Yogyakarta. Wani gajeren fim na harshen Jawa ne ya jawo ni, Tilik, wanda Wahyu Agung Prasetyo ya ba da umarninsa a 2018, ya game YouTube a 2020. Ma'anar sunan ita ce dubiya. Matan ƙauye ne tsaitsaye a bayan babbar mota, za su asibiti duba shugabar ƙauyensu, tun daga tashi har isa kuma ɗaya daga cikinsu, Bu Tejo, na cin naman wata budurwa, Dian. A cikin matan, wata Yu Ning kaɗai ke kare ta.

Washegari ɗalibin da ya sauke ni ya goya ni a babur muka nufi Dlingo ta gundumar Bantul, inda motar fim ɗin ta taso. Da muka wuce Imogiri hanya ta ƙuntata, ta kama hawa, gonakin shinkafa suka koma can ƙasa. Muka tsaya shan shayi a wata rumfa. Mata huɗu ne zaune a benci da lulluɓinsu, murya ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta faɗi wata magana, na ga fuskar ta kusa da ita ta ɗaure, amma ta yi murmushi ta tura mata farantin soyayyar ayaba.

"Ka gani, Mas? Rukun ke nan," in ji abokin tafiyata. Mas laƙabin girmamawa ne da Jawawa ke kiran namiji da shi.

Rukun ita ce zaman lafiyar da ake haɗiye saɓani dominta. Masaniyar al'adun al'umma Hildred Geertz ta yi bayaninta a 1961 a nazarinta kan iyalin Jawa. Takwaranta Max Gluckman kuma a 1963 ya ce gulma na ɗaure jama'a, tana nuna wane ne ɗan gida. Na yarda da shi rabi. Igiyar da ta ɗaure matan motar a wuyan Dian take, ita da ba ta nan balle ta kare kanta. Yu Ning kuwa in ta yi shiru ta ci amanar yarinya, in ta yi magana ta zama mai ɓata tafiya. Abin da ya fi yi mini ciwo, ƙarshen fim ɗin kamar ya gaskata mai gulmar, don an nuna Dian da dattijon da take son aura.

Muna gangarowa wata babbar mota ta wuce mu. Na leƙa bayanta, itace ne a ciki.