Taswirar da Na Kai wa Malamina a Marwa

Ranar Talata na dawo Garwa, amma har yanzu zuciyata tana cikin ajin da na zauna a Marwa. Tsohon malamina, wanda ke koyar da tarihin ilimin halayyar ɗan Adam, shi ya aiko mini cewa in zo in ga darasinsa, kuma in taho masa da babbar taswirar duniya domin tasa ta yage. A kasuwarmu mai shagon ya sa mata sefa dubu takwas, muka yi ta ciniki har ya sallama a dubu biyar.

Bayan mun wuce Figil, a wani shingen bincike, wani ma'aikaci ya warware taswirar a kan ƙasa, ya taka gefenta da takalmi, yana tambayata cikin tsawa abin da zan yi da ita. Na ce, "Yallaɓai, ta makaranta ce." Ya tsare motarmu kusan rabin awa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sawun takalmin da ya bari a kan tekun Indiya, domin takardar ilimi ba abin takawa ba ce.

Malam ya tarbe ni a ƙofar gida, a inuwar dogon yaro irin wadda ta rufe titunan Marwa, inuwar da mu a Garwa muke nema ruwa a jallo a watan zafi. Uwargidansa ta kawo tuwon masakwa da miyar kuka, kuma da na yi maganar neman masauki sai ya ce, "Ɗana, ba a yin haka a gidan nan."

Washegari ya kafa taswirar a jikin allo, ya zuba ƙananan ƙusoshi a tafin hannu. Na farko ya soka shi a Leipzig ta Jamus, inda Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na wannan fanni a 1879, sannan ya bi da wuraren wasu manyan masanan fannin: Viyana ta Freud, da Rasha inda Pavlov ya yi gwaji da karnuka, da Janeba ta Piaget. Ya sa ɗalibai su ja zare daga Leipzig zuwa Amurka, domin su gane cewa ɗaliban da suka yi karatu a wurin Wundt su ne suka koma gida suka kafa irin wannan ɗaki. Da ƙusoshi suka cunkushe a Turai, sai ya tambaye su ko sauran mutanen duniya ba su taɓa yin tunani a kan zuciya da hankali ba. Aji ya yi tsit.

Sai ya kai hannu Balkh, a Afganistan ta yau, garin Abu Zaid al-Balkhi wanda ya rasu a 934. Wannan malami ya rubuta Masalih al-Abdan wa al-Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da fushi da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne mutumin nan gwanin zana taswira ne kuma. Daga nan Malam ya sauko Aro a Abeokuta, inda likita Thomas Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu a 1954, ya kuma nuna Blida ta Aljeriya inda Frantz Fanon, likitan masu taɓin hankali, ya kama aiki a 1953.

Ƙusan da ya tayar da ajin shi ne wanda ya shiga cikin Kamaru. Malam ya ambaci Bame Nsamenang, ɗan ƙasar nan da ya yi rubutu a kan girman yaro a cikin al'adarsa, sannan ya ba da labarin binciken da aka wallafa a 2017, inda aka ajiye wa yara 'yan shekara huɗu abin daɗi aka ce wanda ya jira minti goma zai sami biyu. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran ƙabilar Nso ta Kamaru sun jira, yaran Jamus da aka gwada kuwa ba su kai kashi 30 ba. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wannan kawaici ne, kakata ma ta san shi." Ya amsa cewa sanin kaka daban, aunawa daban, kuma aunawar ce ke jiransu. A ganina wannan ya fi duk jerin sunayen da ni nake sa ɗalibaina su haddace.

Da la'asar na leƙa kasuwar masu aikin fata, na sayi jaka da arahar da ba za a samu a Garwa ba. Na bi ta gadar Mayo Kaliyawo na ga yara suna ƙwallo a cikin yashin kogin. Da asuba Malam ya raka ni tasha, ya damƙa mini ƙullin kilishi da ragowar ƙusoshinsa guda tara.